Ƙayar da aka share ita ke renon dajin

Har yau raina yana ɓaci idan na tuna ranar da aka sa leburori suka share ƙayoyin gangaren nan. Aikinmu bai ƙunshi dashe ba. An ba mu wani yanki na tsohon dajin junifa, wata bishiyar tsauni da ganyenta ba ya kaɗewa, mu kange shi daga awaki, mu riƙa ƙirga abin da ya tsiro da kansa.

Shinge bai ba mu wahala ba. Inda muke samun tsiron ne ya ɗaure mini kai. Ƙarƙashin manyan bishiyun, inda 'ya'ya suka zube birjik, kusan babu komai, don inuwa ta yi yawa, busasshen ganye kuma ya yi kaurin da saiwa ba ta kai wa ƙasa. A fili kuwa rana ke ƙone su. Sai ka durƙusa, ka ɗaga reshen wata 'yar ƙaya da sanda, ka tarar da tsiron da bai kai tsawon yatsa ba, ganyensa tsinini kamar allura, gindinsa da sauran danshi. Tsuntsu ne ya haɗiye 'ya'yan, ya sauka a kan ƙayar, ya kasayar da ƙwayar tsaf ba naman da ke lulluɓe da ita. Ƙayar ta tare rana, ta rage iska, ta hana bakin akuya da kofato.

Duk wannan yana cikin rahotonmu. Amma wani babba ya zo duba aiki, ya ce wurin ya yi duhu, wai ƙayoyin na shanye ruwan tsiron, a share su. Na yi magana, aka ce in bar wa na gaba. Kafin rani ya fita, yawancin turakun da muka kafa don shaida suna tsaye ne kusa da jan busasshen tsinke.

Wanda bai san junifa ba zai ce ai wani zai fito baɗi. Ina! 'Ya'yan wasu jinsunan sai sun yi shekara 2 zuwa 3 a reshe kafin su nuna. Tsinko su ka tsaga da reza, za ka ga ƙwayoyi da yawa holoƙo ne, wasu kuma tsutsa ta riga ka. A jinsuna da dama namiji daban yake, mace daban, iska ce ke kai ƙurar fure, saboda haka idan gatari ya nisanta bishiyun, holoƙon ƙaruwa yake. Ƙwayar da ke da rai ma sai ta sha sanyin hunturu, wani lokaci har biyu, kafin ta farka. Kowane tsiro da adda ta tona wa asiri ya riga ya tsallake duk waɗannan.

Ba dajinmu kaɗai ba ne. A dajin Ziarat na Pakistan, mai kimanin hekta 110,000, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren kariya a 2013, da tsaunukan Atlas na Maroko, da Asir ta Saudiyya, kukan ɗaya ne, ga tsofaffin bishiyu, magada sun yi ƙaranci.

Shingen ma kada a ɗauke shi waraka. Da dabbobi suka daina shiga, ciyawa ta rufe wasu wuraren ruf, ƙwaya ba ta taɓa ƙasa. Sai da muka riƙa karce ƙananan filaye da fartanya a gefen inuwa. Wuta kuwa a yi nesa da ita, yawancin junifa ba sa tohowa bayan sun ƙone.

'Yan tsiron da suka rage mun lulluɓe su da rassan ƙayar da aka sare, wasu sun rayu. Sai dai busasshen reshe ba ya riƙe danshi kamar mai rai, ga shi iska na kwashe shi, kullum muna cikin danne shi da duwatsu. Ƙayoyin sun fara tohowa daga kututture, na kuma sa an rubuta a takardar aiki cewa ba mai sake kai musu adda sai da sa hannuna.