Jar hanya

Ranar Juma'a ce, kwanana tara da sauka a Utrecht, wani birni a ƙasar Holand. Na sa farar shaddar da Inna ta kai wa tela kafin in baro Garwa, garinmu a Kamaru, na ɗora rigar sanyi a kai, na nufi masallacin Turkawa da ke unguwar Lombok, bayan tashar jirgin ƙasa. A hanya na iso inda aka shimfiɗa wata jar kwalta tsakanin titin motoci da wajen masu tafiya a ƙafa. Na ɗauka ado ne. Na duba hagu kamar yadda na saba, ba kowa, na sa ƙafa, har na tsaya a tsakiya ina duba taswira a waya.

Ta dama ƙararrawar ta zo. Wata tsohuwa ce, sa'ar Inna ko ma ta girme ta, a kan dogon keke mai akwatin katako a gaba, yara biyu zaune a ciki. Ta matse birki, amma sai da akwatin ya bugi gwiwata na zube cikin ruwan da ya kwanta a gefe. Ta hau ni da faɗa cikin yarensu, tana nuna ƙasa, tana nuna yaran. Kekuna wajen goma suka taru a bayanta, kowa ya sauke ƙafa ɗaya yana jiran in tashi. Ko sannu ban ji daga bakin kowa ba. Ƙaramin yaron ya fashe da kuka. Da laka har cinya na shiga masallaci, na raɓe a sahun ƙarshe.

Makonni abin nan yana cina. Shekara shida na yi ina ɗaukar fasinja a moto, wato babur, a Garwa, da kuɗin nan na yi karatu. Na ratsa bakin babbar kasuwa ranar jajiberin sallah, na haye gadar Binuwai tsakanin manyan motocin auduga da garken shanu, ko akuya ban taɓa gogewa ba. Daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya babu lungun da ban sani ba. Yau ni ne ake nuna wa ƙasa da yatsa a gaban jama'a, kamar wanda bai taɓa ganin titi ba. Har yanzu ina ganin ko da laifina ne, mutumin da ya faɗi a fara ce masa sannu tukuna.

Wani dattijo Bahaushe ɗan Kumasi, wanda ya daɗe a ƙasar nan, shi na kai wa kukana. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ɗana, baƙo ko da ido makaho ne. Taso in nuna maka." Ya kai ni wurin da na faɗi. Jar kwaltar ta masu keke ce, ba ta mota ba, ba ta mai ƙafa ba. Ɗigo-ɗigon farin fenti da ke tsakiyarta yana nufin ana zuwa ana dawowa a kanta, shi ya sa tsohuwar ta ɓullo ta inda ban duba ba. Ya nuna mini ƙananan tituna da mota ke bi ta fuska ɗaya kawai amma keke yana da izinin bi ta ko'ina, da wasu inda aka rubuta a allo cewa mota baƙuwa ce, sai dai ta bi bayan keke a hankali.

Ya ce ba haka mutanen ƙasar suka taso suka tarar ba. A 1971 mutum sama da dubu uku suka mutu a hatsarin hanya a Holand, fiye da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito kan titi da taken a daina kashe yara. A 1973 kuma Larabawa suka hana su man fetur, har gwamnati ta hana fita da mota ranar Lahadi na ɗan lokaci. Daga nan aka soma ƙwace wa mota fili kaɗan-kaɗan. A nan Utrecht ma akwai mashigin ruwa da aka taɓa cikewa aka yi babban titin mota a kai, suka dawo suka fasa titin, ruwa ya koma wurinsa a 2020. A ƙarƙashin dandalin tashar jirgi akwai ma'ajiyar keke mai hawa uku da ke cin keke 12,500. Na shiga na gani da idona.

Da ya ambaci yaran sai na tuna yadda tsohuwar ta riƙa nuna akwatin. Tsoro ne ya sa ta faɗa. Na gane, ko da yake zuciyata ba ta gama hucewa ba.

Daren nan Baba na kwana tunani. Shekara kusan talatin yana zuwa aiki kamfanin auduga a kan baƙin kekensa, ya naɗe ƙafar wando, hula a kai. Bayan ya ajiye aiki ma da shi yake zuwa gaisuwar rasuwa da ɗaurin aure ko'ina a gari. Shekara huɗu ke nan wani yaro mai moto ya kwashe shi a wata mararraba bayan magariba, ƙugunsa ya karye. Abin da muka yi, mu 'ya'yansa, shi ne muka rataye keken a zaure muka ce, "Baba, ka huta, hanya ta fi ƙarfinka yanzu." A cikinmu babu wanda ya ce hanyar ce ke da laifi. Ni kaina sau nawa na danna wa tsofaffi masu keke oda ina ce musu su kauce? Ga shi a nan ina ganin sa'o'insa, maza da mata, furfura fari fat, suna tafiya kasuwa a kan keke ba mai tsorata su.

Kafin gasar ƙwallon Afirka da aka buga a Kamaru a farkon 2022 an gyara tituna da dama a Garwa, an sa fitilu, mun yi murna sosai. Amma 'yata mai shekara bakwai har yau a bakin kwalta take takawa zuwa makaranta, don inda ya kamata ta bi masu tebur da masu gyaran moto sun cinye shi, wani wurin kuma kwata ce a buɗe. Ban zargi masu tebur ba, abinci suke nema. Filin ne ba a raba ba tun farko. Kullum da safe, kafin in fita, sai na tura wa uwarta saƙo ina tambaya ko ta isa.

Duk da haka kada wani ya zaci na sami aljanna. Yanzu ina da keke, tsoho, na hannu, kuma na iya miƙa hannu kafin in sha kwana kamar ɗan gari. Minti ashirin nake yi zuwa makaranta ba wanda ya kira sunana. A Garwa tafiya daga ƙofar gidanmu zuwa masallacin unguwa sai ta ci rabin awa: wannan ya ce ina gajiya, wancan ya ce jam na, mai shayi ya ja ka zauna a inuwar darbejiya. Nan kowa ya bi layinsa ya wuce. Wata rana a kan jar hanyar nan hawaye ya zubo mini, iska ta busar da shi kafin in kai danja.

Makon jiya na tura hotona a kan keken zuwa zauren gidanmu na WhatsApp. Inna ta kira ni da kanta. "Ɗan nan, goge hoton nan. So kake a ce ka je Turai kana hawan keke? Ka bar moto a gida fa." Na ce to, Inna, na goge. Sai na ji muryar Baba daga gefe yana cewa a ba shi wayar. Bai tambaye ni karatu ba, bai tambaye ni sanyi ba. Ya ce da gaske ne tsofaffi na hawa a can? Na ce da gaske ne, Baba, har waɗanda suka girme ka. Ya yi shiru. Can ya ce in gaya wa ƙanena ya sauko da keken daga zaure ya zuba wa sarƙar mai, don tsatsa ta fara cinta.