Sheƙar da na tona wa asiri

Ranar Asabar da ta wuce na mayar da madubin hangen nesa da littafin ƙirga, na sa hannu a takarda cewa ba a bi na komai. Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan ina aikin sa-kai na kula da daji da tsuntsaye a nan Kumasi. Ciwon ƙafa ya matsa wa Baba, teburin nama kuwa ba ya jiran kowa, dole in koma kasuwa. 'Yan uwana na aiki sun ce in bar wani abu a rubuce saboda yaran Aboabo da Sawaba da Asawase da suka fara shigowa bana. Godiya da yabo an riga an yi su ranar bankwana, har da lemo da biskit. Wannan maganar daban ce.

Na shigo ta ƙofar da yawancinmu suka shigo: ranar 11 ga Yuni 2021, da gwamnati ta ce a dasa itatuwa miliyan 5 a faɗin Gana a yini ɗaya. Na je don riga da hoto, ba zan ɓoye ba. Da aka gane ni ɗan mahauci ne, ina jin Hausa da Tonanci da Turanci, sai aka tura ni ɓangaren ungulu, domin inda mahauta suke nan ungulu take, kuma ana neman wanda zai shiga mayanka ba a ɗauke shi ɗan leƙen asiri ba.

Duk wanda ya tashi a zango, wato unguwanninmu irin su Aboabo, kafin zamanin wayar hannu ya san yadda ungulaye suke yin layi a kan kwanon rufin mayanka da na kasuwa, kamar tsofaffi a zaman makoki. Mu muna ce mata ungulu, Tonawa suna cewa opete, mu duka jifanta muke yi muna yara. Yanzu akwai safiyar da zan tsaya a mayankar Kaase tun daga asuba har rana ta yi zafi ban cika yatsun hannu biyu ba. A shekarar 2015 aka saka irin tamu, mai jan fuska da siririn baki, cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya. A Gini Bisau, a 2020, an kashe fiye da 2,000 da guba, da yawansu an tsince su ba kai. Abin da ya sa asarar ba ta mayuwa da wuri shi ne ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Uwa da uba su yi ta karɓa-karɓa a kansa wajen kwana 50, in ya ƙyanƙyashe sai ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya tashi, bayan ya tashi ma ba su daina ciyar da shi ba. Duk wannan na san shi, na haddace shi, ni nake koya wa sababbi. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce rashin sani ne.

A watan Disamba na 2022 wani yaron shagon Baba ya ce a ƙauyensu akwai rimi a bayan makarantar firamare, ungulu tana kai kara sama. Na ɗauki babur na je. Can ƙoli, a tsakanin rassa biyu, ga sheƙa, ga ta kwance a ciki, kanta kawai ake gani. Mun fi shekara muna neman sheƙa mai rai ba mu samu ba. Jikina har rawa yake yi. Na ɗora bakin waya a kan madubin na ɗauki hoto, na ja baya na ɗauki itacen gaba ɗaya, makarantar ta fito a ciki da fentinta da allon sunanta.

A lokacin shugaban shirinmu ba shi da waƙar da ta wuce a riƙa saka hotuna a Facebook. Masu ba da tallafi a Turai suna so su ga motsi, in ji shi, kuma wanda ba ya saka komai kamar bai fita aiki ba ne. Tun ina hanya na saka, da sunan ƙauyen, a harshe uku. Shugaba ne ya fara yabawa, ya tura a shafin ƙungiya, ya rubuta cewa wannan babbar nasara ce ta shirin. Ni kuma don zumuɗi na watsa a duk rukunin WhatsApp na zango da nake ciki, na 'yan makaranta, na 'yan ƙwallo, har na masu adashi. Ina so a ga ɗan Aboabo ya yi abin da masu digiri suka kasa.

Kwana goma sha ɗaya na koma. Tun daga nesa na ga ƙolin rimin ya yi fayau. An kafa manyan ƙusoshi a jikin itacen kamar matakala, karan sheƙar a warwatse a ƙasa, ga gashi, ga ɓawon ƙwai da kiyashi a kai. Wata mai sayar da koko a bakin makarantar ta ce mutum biyu ne suka zo a babur da yamma, suka nuna mata hoto a waya suna tambaya ko wannan ne itacen, suka dawo da dare da fitila. Na tambaye ta da wane harshe suke magana a tsakaninsu. Ta dube ni ta ce, irin naku.

Na zauna a gindin itacen har aka tashi 'yan makaranta. Ɗayar, ko mijin ne ko matar ban sani ba don kamarsu ɗaya, tana ta kewaya sama ba ta sauka ba.

Laifina ne. Ban taɓa musantawa ba, ba kuma zan fara yau ba. Amma abin da ya biyo baya shi ne har yanzu yake tsaya mini a maƙogwaro. A taron mako, gaban kowa, har da ɗalibai biyu da suka zo ranar, shugaba ya ce an ɗauko ni ne don in zama gada tsakaninsu da zango, ashe gadar ta ɓarayi ce. Ya ce mutanenka, sau uku, na ƙirga. Kafin taron ya riga ya goge abin da ya tura a shafin ƙungiya tare da yabon da ya yi da hannunsa. A rahoton da ya aika wa masu tallafi, wanda na gani daga baya a kwamfutar ofis, an rubuta cewa wani ɗan unguwa ne ya fallasa wurin. Ba a ce ƙungiyar ba ta da wata ƙa'ida a kan hotunan sheƙa ba. Ba a ce shafinta ya fi nawa mabiya nesa ba kusa ba. Bayan mako biyu aka fito da ƙa'idar, da sunansa a ƙasa a matsayin wanda ya tsara ta, kuma na ji ya yi jawabi a kanta a wani taro a Akara an tafa masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aka cire ni daga ungulu wata shida, aka mayar da ni tsintar roba a bakin ruwan Owabi. Ban raina wurin ba. Tun 1928 aka gina madatsar, ita ta shayar da Kumasi kafin a yi ta Barekese, har yau kuma wani yanki na garin ruwanta yake sha, tun 1988 tana cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye. Ledar ruwa da gorar da ake yarwa a kwata a wani ɓangare na gari, damina tana kai su can. Na ga birai, na koyi kukan tsuntsaye da yawa, ma'aikatan gandun suka riƙe ni kamar ƙaninsu. Sai dai a cikin watannin nan ne kuɗin tallafi suka sauka, aka buɗe gurbin aiki mai albashi guda ɗaya a ɓangaren ungulu, aka ba wani ɗalibi da ni na koya masa bambanta yaro da babba a sama. Yaron kirki ne, ba ni da komai a kansa.

Ba zan kuma yi ƙarya don kare zango ba. A cikin masu shimfiɗar magani akwai namu da suke sayar da busasshen kan ungulu da ƙafarta da ƙwanta, wai don cin caca, ko cin shari'a, ko ganin abin da ke nesa tunda ita tana hango mushe daga sama. Amma masu saye babu ƙabilar da babu, da masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, wani kayan ma ƙetare iyaka yake yi. Wanda ya tara duk wannan ya kira shi mutanenka, ba gyara yake nema ba.

Sai da na yi wata guda kafin na iya gaya wa Baba. Yana gyaran cinyar sa, bai ɗago ba. Da na gama ya ce:

"Kai ɗan mahauci ne ko ɗan sanƙira? Shekara nawa kana tare da ni, ka taɓa jin na gaya wa wani ƙauyen da nake samo sa mai araha?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To. Abin da ka gano da ƙafarka ka sayar da shi da yatsa ɗaya, ko sisi ba a ba ka ba."

Ya yi shiru, ya goge wuƙa. Can ya ce lokacin da yake yaro a mayanka, kafin azahar ungulaye sun share duk tarkacen da aka zubar, ba wari, ba tsutsa, yanzu kuwa karnuka da ƙudaje ne suka gaji aikin. Ya ce su ne 'yan sharar da ba sa karɓar albashi. Ya dube ni a kaikaice ya ce, "Kamar ka." Ranar na fara dariya tun bayan abin. Ni kuma na ba shi labarin Indiya, inda wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulayensu tun daga shekarun 1990, har aka hana ba dabbobi shi a 2006, mushe ya yi yawa, karnukan titi suka ƙaru, ciwon haukan kare ya biyo baya. Washegari na ji yana maimaita labarin a majalisar mahauta, ya ƙara masa gishiri.

Daga nan aikin da nake alfahari da shi ya fara, kuma babu shi a rahoton kowa. Ba taron otal ba ne mai ruwan gora da takardar sa hannu. Zama ne a benci bayan la'asar da dattawan fawa. Wani malaminmu ya karanta musu hadisin da ke cikin Abu Dawuda, na sahabban da suka ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a hanyar tafiya, ta zo tana ta kaɗa fikafikai, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Tun daga lokacin, in baƙo ya zo sayen kayan ciki yana tambayar inda ungulu take sauka, kafin ya kai bakin titi an kira ni.

Sauran abin da na koya bai kai wannan nauyi ba. Dashen Yuni hoto ne, ban-ruwan Janairu shi ne aikin, kuma akuyar zango ba ta san manufar gwamnati ba, a yi wa kowane dashe shinge. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an hana farauta sai gyazbi, shi ma da lasisi, amma kada ka je Atwemonom, kasuwar naman daji, kana karanta wa matan da suka girmi uwarka doka, ka bar wa masu kaki. Takalmin roba dogo kafin riga mai tambari. Ƙofofi suna nan ga mai so: ofishin kula da namun daji na hukumar gandun daji, kulob-kulob na namun daji a makarantu, gandun malam-buɗe-littafi na Bobiri, gidan zu da ke kusa da Kejetia. Amma ranar farko, kafin a ba ka riga, ka tambayi kuɗin mota wa zai biya, ka tambayi sunan wa ake sawa a rahoto, ka nemi wasiƙar shaida duk shekara, kada ka jira ranar tafiya. In aka yaba maka a rubuce, ka ɗauki hotonsa ka ajiye.

A hunturun da ya biyo baya na samu wata sheƙar. Wani daga cikin dattawan benci ne ya raɗa mini. Ban ɗauki hoto ba. A littafin ƙirga na rubuta sheƙa ɗaya, arewa da gari, shi ke nan. Shugaba ya nemi lambobin taswirar wurin sau biyu, ya ce ba za a iya saka abin da ba a tabbatar ba a rahoto. Na ce to, kada a saka, ranka ya daɗe. Duk mako biyu nake zuwa, in ajiye babur nesa, in zauna wajen wani mai gyaran taya kamar mai jiran faci, in saci kallo. Wajen farkon damina na ga ɗan a kan reshe, kansa da duhu-duhu ba ja kamar na iyayensa ba, yana buɗe fikafikai yana rufewa. Zuwa na gaba na tarar da su uku a sama. Bara ma sun dawo itacen, ungulu dai da gidanta na tsamiya, ko da yake wannan ba tsamiya ba ce, kuma ba zan faɗi ko mece ce ba.

Yaron da ya karɓi madubin daga hannuna ɗan Sawaba ne. Ya biyo ni har bakin ƙofa yana cewa, "Yaya, wurin nan fa?" Na ce in iskar hunturu ta fara kaɗawa ya same ni a kasuwa da sassafe, zan kai shi a babur. Wayarsa kuma zai bar ta a aljihun teburin Baba, tare da wuƙaƙe.