Awon jini da safe, gidan suna da yamma

Garwa, Laraba da dare

Sakamakon awon da ake yi mini tun da na ba Yayana ƙodata ɗaya ya fito lafiya, alhamdu lillahi. Likita ya duba takardar ya ce kireyatinin ɗina, wato sinadarin da ake aunawa a jini don sanin aikin ƙoda, ya ɗan ɗara na da, kuma haka ake tsammani ga mai ƙoda ɗaya. Wadda ta rage takan ƙara girma ta ɗauki aiki, har ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da biyun suke yi, kuma wannan ya ishi jiki. Jinina bai hau ba, fitsari ba furotin. Ya sake ja mini kunne kan abu biyu: ruwa, da maganin ciwon jiki. A zafin Garwa na watan Afrilu, da ma'auni ke wuce 40, gora ba ta rabuwa da jakata. Diklofenak da ibuprofen kuwa, waɗanda masu talla ke yawo da su a tire har ƙofar gida, ya ce in ɗauka ba a yi su domina ba. Haka jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke ciki ba.

Kafin in fito na bi ta gefen ɗakin wankin ƙoda. Ban yi niyya ba, ƙafa ce ta saba. Nan Yaya yake kwanciya awa huɗu, sau biyu a mako, ya fito jiri na ɗibarsa, ana auna masa ruwan sha da ƙaramin kofi a garin da kowa ke kwankwaɗa. Tun 2023 gwamnatin Kamaru ta mayar da kuɗin wankin sefa 15,000 a shekara, bayan a da 5,000 ake biya kowane zama, kuma sauƙin ya kai ga mutane sosai. Amma magani, ƙarin jini, kuɗin babur, da shagon da ke rufe duk ranar wanki, suna nan a wuyan iyali. Na ga wata dattijuwa da muka sha zaman jira tare, har yanzu ɗanta take kawowa. Ta riƙe hannuna tana tambayar Yaya, na ce ya koma kasuwa. Ta yi murna da gaske, ni kuma idona ya cika.

Da la'asar na je suna a Yelwa, kuma a nan ranar ta yi mini nauyi.

Ina zaune ana raba goro, wata ƙawar dangin maigida ta matso ta ce, “Ke kuwa baiwar Allah, nawa ya ba ki?” Na ce wa? Ta ce Yayan naki mana, ai an ce ƙoda miliyoyi ce. Sai da na haɗiye yawu kafin in ce mata ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha. Ban ga laifinta duka ba, domin labarin masu sayar da ƙoda ya fi na masu bayarwa yawo a waya. Amma ya yi mini ciwo. Kafin a karɓe ni a asibitin Yawunde inda aka yi mana aikin dashen, sai da aka keɓe ni ni kaɗai aka tambaye ni ko wani ya matsa mini, ko an yi mini alkawarin wani abu, aka ce ina iya fasawa har ranar aikin. Malamin da Baba ya tuntuɓa ma abin da ya faɗa ke nan: majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta kyautar gaɓa idan ba za ta halaka mai bayarwa ba, ta haramta cinikinta.

Maganar da ta fi tsaya mini a rai ta Hajiya ce, mahaifiyar maigida. Ba ta faɗa da mugunta ba. Ana miƙa mata jaririya ta dube ni ta ce, “'Yar nan, ke dai Allah Ya sa kina da rabon ƙari.” Na gane. Tun kafin mu hau jirgin ƙasa daga Ngaundere tsoronta ɗaya ne, cewa an taɓa cikina, haihuwa ta ƙare. Ƙodar hagu aka cire, saboda jijiyarta ta fi tsawo, ta fi sauƙin dasawa, kuma ba abin da ya haɗa aikin da mahaifa. Mata suna haihuwa bayan sun ba da ƙoda. Gaskiyar da ba zan ɓoye mata ba ita ce haɗarin hawan jini lokacin ciki yana ɗan ƙaruwa, don haka likita ya ce in jira shekara ta zagayo, in kuma fara awon ciki da wuri. A cikin taro ban iya buɗe baki ba, kunya ta hana ni. Na ce amin kawai.

Mutanenmu ba su saba ba, shi ke nan. A Amurka an yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara tun 1954, tsakanin wasu tagwaye, kuma wanda ya bayar ya rayu har 2010. Kano ta fara a 2002. Mu a Kamaru sai Nuwamban 2021, a Babban Asibitin Yawunde. Yawancin matan da ke gidan sunan nan ni ce ta farko da suka taɓa gani da ido, shi ya sa suke hana ni ɗaukar ko buta.

Bayan isha'i Yaya ya kira. Ya fara godiyar nan tasa, na katse shi na tambaye shi ko ya sha maganin dare a kan lokaci, don ƙwayoyin da ke hana jikinsa ƙin ƙodar ba a wasa da sa'arsu, kuma har ƙarshen rayuwa ne. Ya ce ya sha. Na roƙe shi ya daina gode mini a gaban mutane, ya koma yi mini faɗa kamar da.

Na gaya wa maigida abin da Hajiya ta ce. Mun yanke shawara ranar Juma'a bayan masallaci za mu je tare da takardar awon, shi zai yi mata bayani, ni in zauna a gefe.