Tseren motocin lantarki a tsakiyar gari

Tun da aka fara gasar Formula E a birnin Beijin a watan Satumba na 2014, ake rufe titunan da jama'a ke bi kullum a wasu biranen da ake gasar, a jera shingayen kankare, motocin lantarki su yi tsere a kansu. Hanyar tana da ƙunci da yawan kwana, direban da ya yi sakaci kaɗan sai ya gogi bango.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne batir. A kakanni huɗu na farko, direba kan fito a tsakiyar tsere ya shiga mota ta biyu, saboda caji ba ya kaiwa ƙarshe, sai a ƙarshen 2018 aka daina haka. Kuma duk lokacin da aka taka burki, injin yakan mayar da ƙarfin gudun ya zama wuta ta koma batir.

A nan Sakkwato, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, duk mai sola a gida ya san yadda zafi ke rage kwanan batir. Shi ya sa nake bibiyar dabarun sanyaya batir na injiniyoyin gasar, da fatan su iso ga baburan caji da ke shigowa kasuwanninmu.