Godiya bayan shekara bakwai

Alhamdulillahi. Ranar Alhamis da ta wuce na kare kundin digirina na uku a fannin tarihi. Karatun da aka ce min shekara uku ne, tun 2017 nake fama da shi.

Masu kirana Dakta tun jiya, na gode, amma ku san ba ni kaɗai na biya kuɗin wannan suna ba. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci wata tara, ga korona. Na 2022 ya ci wata takwas, kuma ba albashi. Takardun zamanin Turawa da nake nema suna Kaduna, a Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa, ni kuwa ina Kano. Da aka cire tallafin mai a 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, sai kowace tafiya ta koma shawara. Mujallar da ta karɓi maƙalata da dala ake biyanta. A nan sarƙar gwal ɗin lefena ta tafi.

Maigida, ka biya kuɗin rajista sau biyu ba ka taɓa yi min gori ba. Allah Ya ƙara buɗi.

Yaya, abokiyar zamana, ke ce ban san ta inda zan fara ba. Kin karɓi girkina ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ke kika yaye min autana. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ina Kaduna, ke kika kwana asibiti, ba ki gaya min ba sai da aka sallame ku. Har yau in ya faɗi, wajenki yake gudu. Abin yana ɗan sosa min rai, ba zan ɓoye ba, amma ya fi ni gaskiya.

Farfesa, jan bironka ya sa ni kuka, yau ga amfaninsa. Allah Ya ja zamaninka.

'Yan uwan da na ƙi zuwa biki da suna, ku yafe ni.

Baba ne ya fara kirana Dakta tun ina sakandare. Ya rasu ina babi na huɗu. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a.

Matan adashenmu da kuka bar min ɗaukar farko har sau biyu, ban manta ba, saura zubi uku a kaina.