Abin da koyar da kwalliya ta waya ya koya mani

Ni dai ba da son raina na fara koyarwa ta waya ba, korona ce ta tilasta mu a 2020 lokacin da aka kulle gari, ga yara goma sha ɗaya sun biya kuɗin koyo a ɗan shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, ga ba halin haɗuwa. Sai na buɗe mana guruf a WhatsApp na riƙa kwaso bidiyo daga YouTube ina zuba masu, a zatona aiki ya yi ke nan.

Da aka buɗe gari suka dawo na ce kowa ta ja mani gira, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Kowacce bakinta cike da sunayen kaya, amma hannu bai san komi ba. Kuma yawancin bidiyon da na tura fatar turawa ake yi wa kwalliya, a ɗaki mai sanyi, mu kuwa amarya za ta zauna cikin zafin Katsina na watan Afrilu, kafin a kai ta fandeshan ya bi zufa ya gangaro. Laifina ne, ni na tura ban tace ba.

Daga nan na juya abin. Maimakon in riƙa tura masu, su ke turo mani. Kowacce ta jingina wayarta da gwangwani ko kofi, ta ɗauki hannunta tana zana lalle a hannun ƙanwarta, minti ɗaya kawai saboda data. Ni kuma in kalla sau biyu ko uku in amsa da saƙon murya da Hausa, don wasunsu karatun boko bai yi nisa ba, rubutu wahala yake ba su. A nan na ga abin da ko a shago ba na gani, saboda a shago hankalina rabe yake da kwastoma. Akwai wata da kullum zanenta ke fitowa da kauri, wata biyu ina cewa ta sassauta hannu, sai a bidiyo na tsayar na zuƙo hoton na ga ashe bakin ledar take yankewa da faɗi. Na ce ƙanwata ba hannunki ba ne, almakashi ne. Washegari ta turo zane siriri kamar zare, tana cewa Anti kin gani kin gani, har muryarta na rawa.

A 2021 kuma da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ɗalibaina biyu na Batsari da Dutsin-Ma suka ɓace mani ɗif. Tun daga lokacin duk darasin da na ɗauka sai na sa shi a memori ko mu tura ta Xender in sun shigo gari, ya zauna cikin waya ko babu sabis.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne maganar dayis. Wata ɗalibata ta ga haɗin baƙin lalle a TikTok, ba ta tambaye ni ba ta yi wa ƙawar amarya, bayan kwana biyu hannu ya kumbura ya yi ƙuraje daidai inda zanen ya bi. Sinadarin PPD da ke cikin dayis, wato rinin gashin da ake sawa a haɗin baƙin lalle, shi ke jawo haka ga wasu mutane. Ni na je gidansu na ba uwar haƙuri, na ce Hajiya ɗiyata ce, ni ban koya mata da kyau ba, kuma har yanzu in na tuna hannun yarinyar nan sai raina ya ɓaci. Yanzu darasin farko a guruf shi ne gwaji, a ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira awa 48. Haka man bilicin da ake tallar haɗinsa, NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu sinadarin makuri (mercury) a ciki, na ce duk wadda ta ga wani haɗi ta turo mani kafin ya taɓa fatar kowa.

Dilka da halawa kuwa har yau ban yarda a koye su ta waya ba, zafin halawa sai ka taɓa da yatsa za ka san ta yi. Waɗannan ranar Asabar muke yi a shago, su zo da kansu.