Watan Yunina na farko a Normandi

Da na baro Damagaram na sauka a birnin Caen da ke yankin Normandi na ƙasar Faransa, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda yawancin gine-ginen tsakiyar gari suke sababbi, alhali garin ya yi kusan shekara dubu da kafuwa. Ban gane dalili ba sai da watan Yuni ya kama, tutocin Amurka da Birtaniya da Kanada suka cika tituna, maƙwabciyata kuma, wata dattijuwa da takan karɓar mini saƙo idan ina wurin aiki, ta ce in raka ta bakin teku.

A hanya ta ba ni labari. Ranar 6 ga Yunin 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawancen Amurka da Birtaniya da Kanada da abokansu kimanin 156,000 suka sauka a Normandi, akasarinsu ta ruwa a gaɓa biyar, domin ƙwato Faransa daga hannun Jamus. A lokacin tana ƙarama, kuma jiragen waɗanda suka zo ceton su ne suka yi wa Caen ruwan bama-bamai har mafi yawan garin ya zama kufai, ita da mahaifiyarta suka fake a majami'ar Abbaye aux Hommes tare da dubban jama'a. Ta faɗi wannan ba tare da wani ƙorafi ba.

A maƙabartar Colleville-sur-Mer, wadda ke kallon gaɓar Omaha, ɗaya daga cikin gaɓa biyar ɗin, kaburburan sojojin Amurka sun haura 9,300, fararen duwatsu a jere iya ganinka. Ta durƙusa da ƙyar a gaban kabarin wani soja da ba ta taɓa sani ba, ta ciro jiƙaƙƙen yashin gaɓar daga wata 'yar leda, ta shafa shi a kan harufan da aka sassaƙa har sunan ya fito fili. Kowace shekara haka take yi.

Na gaya mata cewa mu ma namu sun zo, domin a saukar da aka yi a kudancin Faransa ranar 15 ga Agustan 1944 akwai dubban sojojin Afirka da Faransa ta ɗiba daga ƙasashen da take mulka. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, me sunayensu?" Kunya ta rufe ni, don ko ɗaya ban iya kawowa ba, ko da yake na taso ina ganin tsofaffin sojoji da lambobinsu a ƙirji. A daren nan na kira kawuna a waya, na roƙe shi ya zauna da dattawan unguwa ya rubuto mini duk sunan da suka tuna.